Kafin A Kashe Karen Da Ya Yi Cizo

A ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi da Bichi, inda gona ke manne da gona, ihun "mahaukacin kare!" ba ya daɗewa bai tara jama'a ba. Samari su fito da gora da fartanya, a bi shi ta cikin karan dawa, a rutsa shi a gindin kuka. Kafin la'asar an jefa gawar a kududdufi ko an turbuɗe ta a bayan gari. Yaron da aka ciza kuwa, a ɗaure masa ƙafa da tsumma, wani dattijo ya sa a ƙona gashin karen a barbaɗa a ciwon, kowa ya kama gabansa da zaton magana ta ƙare.

Abin da aka turbuɗe a bayan garin nan shi ne babbar shaidar da likita zai dogara da ita. Ƙa'idar da likitocin dabbobi suke bi a duniya ita ce: karen da ya ciji mutum, in ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, a ɗaure shi ko a kulle shi a ɗaki, ana ba shi ci da sha, a sa masa ido kwana 10.

Mutane da dama suna ganin wannan tausayin kare ne irin na Turawa. Dalilin yana cikin yadda cutar take tafiya. Ƙwayar haukan kare ba ta bin jini. Daga wurin cizo jijiya take kamawa, ta riƙa hawa a hankali har ƙwaƙwalwa, kamar wutar da ta kama darni daga ƙofar gida tana ci kara bayan kara zuwa rumbu. In cizon a fuska ne ko a wuya, rumbun na kusa. In a agara ne, da sauran tafiya. Shi ya sa wani kan yi wata biyu ko uku garau, ciwon ya warke har ya bar tabo, sannan zazzaɓi ya zo, ya fara firgita da ganin ruwa. Allurar da ake yi bayan cizo yanke darnin take yi kafin wutar ta isa. In ta riga ta isa, kusan babu wanda ke tashi.

A jikin kare ma haka take. Sai ta kai ƙwaƙwalwa sannan ta gangaro cikin yawu, kuma karen da ta kai wannan matsayi kwanakinsa ƙididdigaggu ne. Don haka in ya cika kwana 10 yana cin tuwonsa yana kaɗa jela, yawunsa ba ya ɗauke da cutar ranar da ya yi cizon. In ya mutu ko ya sauya hali a cikin kwanakin, an san inda aka dosa. Amma jiran nan na kare ne, ban da mutum: wanda aka ciza a wanke masa ciwon nan take da ruwa da sabulu na minti 15, ko da sabulun wanki ne, a kai shi asibiti a ranar a fara allura. Likita ne zai ce a dakatar in karen ya fita lafiya.

Karen da haukarsa ta fito fili, yana dalalar da yawu yana cizon itace da dutse, babu wanda zai ce a tsaya kokawa da shi. A kashe shi, amma kada a farfasa kan, kada a taɓa shi da hannu tsirara. Ƙwaƙwalwar ce ake aunawa a wurare irin su Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, kuma malamin dabbobi ne ya san yadda ake aika ta.

Doka ba ta yi shiru ba. Tun 1943 akwai Dokar Karnuka, wadda aka kafa domin yi wa karnuka rajista da daƙile wannan cuta. Dokar Hana Yaɗuwar Cututtukan Dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022, ta ɗora wa mai dabba nauyin ware wadda yake zargi da kai rahoto ga jami'in dabbobi. Tsarin mulkin 1999 kuma ya sa kula da ajiye dabbobin gida da zirga-zirgarsu cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Abin takaici, mai karɓar harajin awaki ba ya fashin ranar kasuwa, amma ɗakin da za a tsare kare kwana 10 sai an tona kafin a samu, kuma manomi da yawa bai taɓa jin cewa rahoton nan wajibi ne a kansa ba. Ga kuma halinmu: kare na da ubangiji ranar farauta da daren gadin garke, ranar da ya yi cizo sai ya zama na Allah.

Inda aka fi yin ganganci shi ne dabbobin da karen ya ciza a hanyarsa. Lissafin kwana 10 bai shafe su ba, domin akuya ko saniya na iya yin makonni, har watanni, kafin ta nuna. Saniyar da ta kamu takan yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa, yawu na zuba, ta kasa haɗiya kamar wani abu ya maƙale mata. Nan mai ita zai naɗe hannun riga ya zura hannu har gwiwa a bakinta yana lalube, da tsagar kara a yatsunsa. In abin ya ƙi, a kira mahauci da sauri kada ta zama mushe. Wuta tana kashe ƙwayar, gaskiya ne, amma mai fiɗa da mai fasa kai ba dafaffen nama suke taɓawa ba. Asarar saniya ba ƙaramin abu ba ne ga talaka, sai dai dabbar da ta nuna waɗannan alamu ba ta yanka ba ce, ta malamin dabbobi ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Su ne masu kiwo, masu wasa da kwikwiyo, masu ɓoye yaƙushi don tsoron duka. Maganin kuwa tsoho ne: tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurar a Faransa ya rayu.

Hanyar da ta fi arha ita ce a yi wa karnukan rigakafi. In aka yi wa bakwai cikin goma na karnukan yanki, ana maimaitawa duk shekara, cutar takan rasa inda za ta bi. Da haka Meziko ta samu shaidar rabuwa da wadda karnuka ke sa wa mutane a 2019. Najeriya ta fitar da nata shirin a 2022, da burin kawo ƙarshen mace-macen nan da 2030. A arewacin Kano aikin ba ya bukatar sabon ofis. Mai unguwa ya san gidan da ke da kare, sarkin baka ya san mafarautansa ɗaya bayan ɗaya, arɗo ya san na rugage, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta da ɗalibanta masu neman wurin gwada hannu. Abin da ya rage shi ne ƙaramar hukuma ta sayi allurar, ta samo akwatin sanyi da man babur, ta sa rana bayan girbi, kafin a fita farautar rani.