Ƙarfen Da Ke Ta Da Sojan Jini

Kowane malamin makaranta ya koya wa almajiransa cewa cikin jini akwai ƙwayoyi farare masu yaƙi da cuta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, sojan nan ba ya motsi sai an busa masa ƙaho. Mai busar kuwa wani irin ƙarfe ne narkakke, watau kalsiyam, wanda ke cikin alli da ƙashi da nono.

Ga yadda abin yake. Kalsiyam da ke kewaye da ƙwayar ya ninka na cikinta wajen sau 10,000. Da ta shaida abokin gaba, sai ta zazzage ɗan abin da ke rumbunta. Rumbu na yin wayam, sai ƙofofin ganuwa su buɗe, na waje ya kwararo ciki. Shi ke kai saƙo can tsakiyar ƙwaya, sa'an nan ta kama hayayyafa, tana kiran 'yan'uwanta. Cikin 2006 masana a Amurka suka gano ƙofar nan, suka sa mata suna Orai1, bayan sun bincika ƙwayoyin waɗansu jarirai 'yan gida ɗaya da aka haifa da ita a toshe. Abin tausayi, sojansu na nan, ba ragi, amma ba ya jin kira. Har wa yau, saƙon nan ne likitoci ke tarewa da gangan in an dasa wa mutum ƙoda, don kada jiki ya far wa baƙuwar.

Tutiya ma da nata aikin. In ta yi ƙaranci sai sojan ya raunana. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a haɗa ta da ruwan gishiri da sukari ga yaro mai zawo, kwana 10 zuwa 14.

To, amma shi baƙin ƙarfe, wanda ake sha don ƙarin jini, sai da lura, domin ƙwayoyin cuta ma suna bukatarsa. Shi ya sa in zazzaɓi ya kama mutum jiki kan ɓoye shi. A tsibirin Pemba na ƙasar Tanzaniya, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, an gwada ba ƙananan yara shi kowace rana. Waɗanda suka sha sun fi sauran kwanciya asibiti, har dole aka tsai da ba su tun lokaci bai cika ba.