Motar Dizal Tana Juyi Amma Ta Ƙi Tashi: Abin Da Wayarka Za Ta Gano Kafin Makanike Ya Iso

Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Aliero da Jega, ta miƙe Maiyama zuwa Koko da Yawuri, ya san yawancin kayan da ke bin ta a bayan motocin gas suke: Kanta, Daf, tirela. A nan ake lodin albasar Aliero da ake kai wa kudu, ita kuwa albasa ba ta son jira. Idan mota ta kwana biyu a gefen titi da buhuna cikin rana, mai kaya ne ke kwana da asara.

Lalacewar da ta fi ɗaure wa direba kai ita ce a murɗa makulli, kik ya ɗauka, inji ya yi ta juyi, amma ya ƙi kamawa. Daga nan sai canke ya fara: wannan ya ce nozul ne, wancan ya ce famfo ne, a sayi kaya masu tsada a ɗaura, mota tana nan inda take. Mu masu rubuta manhaja muna da wata ƙa'ida idan aiki ya tsaya: ana gwada abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma daga mafi sauƙi ake farawa. Ƙa'idar tana aiki a jikin inji, wayar da ke aljihunka kuma za ta rage maka wahala sosai.

Abin da injin yake buƙata

Injin fetur da tartsatsin filogi yake kunna mai. Injin dizal, wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya yi nasarar tayarwa a 1897, ba shi da wannan filogin. Iska yake matsewa a cikin silinda har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 15 zuwa 22 na girmanta. Matsin ya sa ta yi zafi ƙwarai, sai nozul ya fesa mai a daidai lokacin, man ya kama da kansa. Ke nan abu huɗu ake nema: juyi mai sauri, iska, zafi, da mai mai tsabta da ya iso a kan lokaci. Idan mota ta ƙi tashi, ɗaya daga cikinsu ne ya yi ƙaranci.

Fara da kunne da ido

Saurari juyin. Idan yana jan jiki kamar mai jin barci, duba batir. Lafiyayyen batir mai bolt 12 yana nuna kusan 12.6 a mita idan yana hutawa, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba lokacin da ake kik. Kan batir da ya yi tsatsa ko ya saki shi ma yana jawo haka. Kada ka riƙe kik fiye da daƙiƙa 15 a jere; ka bar shi ya huce kafin ka sake.

Sai ka sa yaron mota ya kalli salansa. Idan farin hayaƙi mai warin gas yana fita, mai yana isa silinda amma ba ya ƙonewa. A sanyin hunturu na Disamba da Janairu, wanda ake fara zargi shi ne hita, wato ƙananan sandunan da ke ɗumama silinda kafin a tayar. Shi ya sa ake jira fitilar nan mai kama da naɗaɗɗiyar waya ta mutu kafin a murɗa. Idan hita lafiya take, sai a koma kan matsin silinda ko tayimin, wannan kuwa aikin makanike ne.

Idan babu hayaƙi ko kaɗan, mai ne ba ya zuwa. Leƙa tanki da kanka, don geji yana ƙarya. Motar da mai ya taɓa ƙare mata takan sha iska a bututu, kuma ko an cika tanki ba za ta tashi ba sai an fitar da iskar. Motoci da yawa suna da ɗan famfon hannu a kan filta: ka yi ta dannawa har ya yi tauri. A ƙasan filtar kuma akwai wurin tsiyaye ruwa. Tara abin da ya fito a gorar roba mai haske, ka ajiye ta ɗan lokaci. Ruwa ya fi gas nauyi, don haka zai kwanta a ƙasa. Wannan gwajin ya zama dole idan daga jarkar 'yan bumburutu aka sha mai na ƙarshe. A tsofaffin motoci akwai kuma wani ɗan makunnin lantarki a jikin famfon mai da ke buɗe wa gas hanya. Idan an kunna makulli ba a ji ya yi "ƙas" ba, a duba fis da wayarsa.

Inda waya take shigowa

Motocin zamani suna da kwamfuta, wadda makanikai ke kira birenbos, kuma tana ajiye bayanin duk abin da ta ga ya saɓa. Ƙofar shiga wurinta wani soket ne mai rami 16 da ake kira OBD2, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Amurka ta wajabta shi tun 1996, Turai kuma ta wajabta irinsa ga ƙananan motocin dizal zuwa 2004.

Abin da kake buƙata shi ne ƙaramar na'ura mai suna ELM327, wadda girmanta bai fi kwalin ashana ba sosai. Ka soka ta a soket, ka kunna makulli, ka haɗa ta da waya ta Bluetooth, sannan ka buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner. Mai iPhone ya nemi samfurin Wi-Fi ko Bluetooth LE, domin na tsohon Bluetooth ba ya haɗuwa da ita. Ka sauke manhajar tun kana gari, kada sai ka tsaya a inda sabis ke wahala.

Lambobin da suka fi fitowa a irin wannan matsala su ne:

P0087: ƙarfin mai a babban bututun da ke raba wa nozul ya yi ƙasa. Fara da filta kafin ka zargi famfo.

P0335: matsala a layin sensar da ke gaya wa kwamfuta cewa inji yana juyawa.

P0380: matsala a layin hita.

Ko babu lamba, buɗe shafin da ke nuna bayanai kai tsaye, ka sa a yi kik. Idan inji yana juyi amma manhaja tana nuna RPM sifili, kwamfuta ba ta san yana juyawa ba, saboda haka ba za ta saki mai ba. Idan motar tana nuna ƙarfin mai, yawancin injinan zamani suna son ya kai wajen bar 200 zuwa 300 kafin su kama. Ka lura da fitilar makulli ma: idan tana ta ƙiftawa, na'urar hana sata ce ba ta gane makullin ba.

Lamba tana nuna unguwar da matsala take ne, ba ta nuna gidan. P0335 na iya zama sensa, na iya zama wayar da ɓera ya ci. Kuma kada ka goge lambobi kafin ka ɗauki hoton allon.

Iyakar na'urar

Manyan motoci irin Daf da tirela da bolt 24 suke aiki, kuma harshen kwamfutarsu daban ne. ELM327 mai araha don bolt 12 aka yi ta, tana iya ƙonewa idan ka soka ta a can. Tsofaffin motoci irin Marsandi 911 kuwa ba su da kwamfuta sam, sai dai kunne da ido da sifana.

Abu biyu ka kiyaye. A tsohon inji makanikai kan sassauta bututun nozul don fitar da iska, amma a sabon inji ƙarfin mai yana haura bar 1,500, yana iya huda fata ya shiga jiki. Haka nan zuba fetur a hancin iska don a tilasta wa mota tashi yana iya fasa inji, musamman idan hita tana da zafi.

Idan abin ya fi ƙarfinka, ɗauki bidiyon juyin da sautinsa, da hoton salansa, da na gorar man, da na lambobin, ka tura wa makanikenka ta WhatsApp. Wanda zai taso daga Jega zuwa Maiyama ya fi son ya san ko filta zai riƙo ko batir, maimakon ya zo hannu rabbana ya sake komawa kasuwa. Kai kuma idan aka ce famfo za a sauya, kana da hujjar tambaya: an duba filta tukuna?