TSUNTSAYEN RUWA DA MASU KAMUN KIFI

An rubuta wannan takarda domin hakimai da malamansu, musamman na wajajen Chikaji da Samaru da Sabon Garin Zariya, inda masu fatsa kan kawo ƙara cewa tsuntsaye sun ɓata musu kamu. Kafin a yanke magana, ya kamata a san tsuntsun da ke cin kifi da wanda ba ruwansa.

Ruwayen da ake magana

Rafin Kubanni ya bi ta Samaru, ya ratsa tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, sa'an nan ya faɗa cikin Galma. A 1973 aka datse shi domin Jami'ar Ahmadu Bello ta sami ruwan sha. Ban da wannan akwai tafkin Bomo da kududdufai na cikin unguwanni. Da rani ruwa kan janye, sai kifi da tsuntsu da mutum su taru wuri guda. Asalin rigimar ke nan.

Yadda wuni kan ɓaci

Tarwaɗa da karfasa su ne kifayen da aka saba da su a nan. Akwai kuma baƙon kifi wanda Turawa ke kira kaf, wanda aka kawo daga ƙasar Ostiriya a 1954 aka zuba a gonar kifi ta Panyam. Shi kaf a ƙasan ruwa yake kiwo, yana tonon laka yana neman tsutsa, ga shi kuwa da tsoro ƙwarai. Mai neman irin wannan kifi yakan yi sammako, ya watsa dusa ko tsaki a ruwa domin kifi ya taru, sa'an nan ya jefa ƙugiya ya zauna shiru. Da hantsi ya yi sai agwagi su hango dusar tana yawo bisa ruwa, su auka mata, suna kaɗa fiffike suna dama ruwa. Kifi ya watse. Wani lokaci ma agwagwa ta haɗiye ƙugiya, ko zare ya naɗe mata ƙafa. Mai fatsa ya koma gida hannu wofi, mai agwagwa kuma ya zo neman diyya.

Tsuntsaye iri biyu ne

Na farko su ne masu cin tsiro da hatsi da ƙwari, watau agwagwar gida da dinya da kirinjijiya. Abin da ya kawo su dusa ce, ba kifi ba. Kashinsu ma taki ne ga ruwa, gama yana haifar da ƙananan halittun da kifi ke ci. Saboda haka ne mutanen Sin suka daɗe suna kiwon agwagi bisa tafkunan kifinsu. Balbela kuwa fari take bi a bayan shanu. Akwai kuma agwagin daji masu zuwa daga Turai da kaka, su wuce hunturu a fadamun Haɗeja da Nguru da tafkin Chadi, su koma kafin damina. Baƙi ne masu wucewa.

Na biyu su ne masu cin kifi sosai, kamar zalɓe da kwasakwasa. Zalɓe yakan tsaya cik a ruwa marar zurfi yana caɓe 'ya'yan kifi. A babban tafki ɓarnarsa kaɗan ce, amma a ƙaramar gonar kifi yana iya jawo hasara.

Abin da za a gaya wa jama'a

1. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kada mai fatsa ya watsa dusa bisa ruwa. Ya cuɗa ta da laka, ya dunƙula, ya jefa inda ke da zurfi, gama agwagwar gida ba ta nutso da nisa.

2. Masu agwagi su tsare su a gida har hantsi ya ɗaga, ko kuwa Sarkin Ruwa ya raba musu gaɓa, wannan gefe na fatsa, wancan na agwagi.

3. Kada a bar tsohon zare ko ƙugiya ko yagaggen taru a bakin ruwa.

4. Mai gonar kifi ya yi wa bakin raminsa gangare mai tsaye, ya ja igiyoyi bisa ruwan, zalɓe ba zai sami wurin tsayawa ba.

5. Lalle a hana zuba guba, ko magimfa ko maganin ƙwari irin su Gammalin 20, ko don kifi ko don tsuntsu. Ruwan nan shi mutane da dabbobi ke sha.

6. In an ga tsuntsaye suna mutuwa da yawa, kada a taɓa su, kada a ci. A kai labari wurin malamin dabbobi nan da nan. A tuna, a Fabrairun 2006 an tabbatar da murar tsuntsaye a Jaji, kan hanyar Zariya zuwa Kaduna.

Aikin malamin hakimi

In ƙara ta zo, malami ya rubuta sunan ruwan, da ranar, da irin tsuntsun, da lokacin da abin ya faru. In mai ƙara bai san sunan tsuntsun ba, a tambaye shi siffar bakinsa. Mai faffaɗan baki irin na agwagwa, dusa ya zo ci. Mai dogon baki mai tsini kamar mashi, shi ne mai cin kifi. Da wannan hakimi zai gane ko gyaran dabara ake bukata ko tsaron gona, ya raba gardama ba tare da an zalunci kowa ba.