Filin da Rufinsa Ke Buga Ƙwallo

A birnin St. Petersburg na jihar Florida a Amurka akwai filin wasan bezbol mai suna Tropicana, gidan ƙungiyar Tampa Bay Rays tun 1998. Rufaffe ne, rufin kuma a karkace yake kamar hular da aka kafa gefe guda.

Abin da ke raba kan 'yan kallo shi ne zobba huɗu na ƙarfe da ke rataye a ƙarƙashin rufin, inda ma'aikata ke bi su gyara fitilu. Ƙwallo ta daki na ƙasa biyu a cikin iyaka, mai bugu ya ci maki kai tsaye. Ta daki na sama, wasa na nan, sai mai tsaro ya yi ta raba ido yana laluben inda za ta faɗo. Farin rufin ma kan ɓatar masa da farar ƙwallon.

Wasu na cewa wannan caca ce. Ni dai ina tare da masu son filin, domin wanda ya san zafin Florida da ruwanta na yamma ba ya raina inuwa.

A Oktoban 2024 guguwar Milton ta yaye rufin, Rays suka koma buga wasannin 2025 a buɗaɗɗen fili a Tampa.