Dala Miliyan 60 A Shekara: Me Dallas Ta Saya A Wurin Dak Prescott?

Ranar 8 ga Satumbar 2024, ana saura 'yan awanni ƙungiyar Dallas Cowboys ta buga wasanta na farko na kaka da Cleveland Browns, labari ya ɓulla cewa ta sabunta wa Dak Prescott kwantiragi na shekara huɗu a kan dala miliyan 240. Miliyan 60 ke nan duk shekara, albashin da babu ɗan wasan da ya taɓa karɓa a tarihin NFL, wato babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda yawancinta da hannu ake yi. Nan take magoya bayan ƙungiyar suka rabu gida biyu. Wasu na cewa an yi asarar kuɗi a kan mutumin da bai taɓa kai su ko da wasan kusa da na ƙarshe ba. Wasu kuma na cewa duk mai ƙorafi ya manta da baƙar wuyar da aka sha kafin a same shi. Kowane ɓangare na da hujjarsa, amma a ganina dukansu sun ɗauki albashi a matsayin lambar yabo da ake bai wa wanda ya fi kowa iyawa, alhali ba haka kasuwar take tafiya ba.

Sai an san aikin mutumin kafin a fahimci tsadarsa. Prescott kwatabak ne, wato jagoran masu kai hari. Kusan duk lokacin da za a fara taka leda, hannunsa ƙwallo ke fara shiga. A cikin hular kwanonsa akwai 'yar rediyo da koci ke faɗa masa dabarar da za a yi, ana kuma katse ta idan ya rage daƙiƙa 15 a agogon fara wasa. Daga nan shi kaɗai ne da basirarsa: ya dubi yadda abokan hamayya suka jeru, ya canja dabara idan ya ga tarko ne, ya karɓi ƙwallo, sannan cikin kamar daƙiƙa uku ya zaɓi wanda zai jefa wa, ga kuma ƙarti masu nauyin fiye da kilo 120 sun nufo shi da gudu. A ƙwallon ƙafar da aka fi sani a duniya, ƙungiya kan rasa gwarzon ɗan wasanta ta ci gaba da lallaɓawa. A nan kuwa, idan kwatabak ya ji rauni, sau da yawa kakar ce ta tafi. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, amma waɗanda suka iya wannan aiki sosai ba su kai yawan ƙungiyoyin ba, shi ya sa duk wadda ta samu ba ta son saki.

Abu na biyu shi ne inda kuɗin ke fitowa. NFL tana da ƙa'idar iyakar albashi: akwai adadin da kowace ƙungiya ba za ta wuce ba wajen biyan 'yan wasanta gaba ɗaya, kuma adadin yana bin kuɗin shigar gasar ne, wanda 'yan wasa ke da kusan kashi 48 cikin ɗari a ciki. Lokacin da aka fara tsarin a 1994, iyakar dala miliyan 34.6 ce. A 2024 ta kai miliyan 255.4, a 2025 kuma miliyan 279.2. Babban abin da ya kumbura ta shi ne yarjejeniyar nuna wasanni da aka ƙulla a 2021 da CBS da NBC da Fox da ESPN da Amazon, ta kusan dala biliyan 110 cikin shekara 11. To a auna Prescott da wannan ma'auni. A 2021 ya sa hannu a kan miliyan 40 a shekara lokacin da iyakar take miliyan 182.5, kusan kashi 22 cikin ɗari ke nan. Miliyan 60 ɗin 2024 kuwa kashi 23 da rabi ne, da shekara ta zagayo kuma ya sauko ƙasa da kashi 22. Albashin ya ƙaru da rabi, amma rabonsa a cikin tukunyar kusan yana nan inda yake. Mai ihun cewa farashin kwatabak ya haukace, a gaskiya bunƙasar gasar yake gani.

Sai kuma maganar lokaci, wadda ita ce masu gardama suka fi tsallakewa. Wanda ya fi kowa albashi a wannan gurbi yawanci shi ne gwanin da kwantiraginsa ya ƙare a baya-bayan nan. Patrick Mahomes, wanda ya ci kofin Super Bowl sau uku da Kansas City, ya sa hannu tun 2020 a kan matsakaicin miliyan 45 a shekara. Joe Burrow ya karɓi miliyan 55 a 2023. A 2024 Trevor Lawrence da Jordan Love suka karɓi daidai haka, Love ma a lokacin kaka ɗaya tak ya yi a matsayin ɗan wasan farko. Ba mai hankalin da zai ce waɗannan sun fi Mahomes. Layi ne kawai ya zo kansu. Prescott kuwa ya iso teburin ciniki da makamin da sauran ba su da shi. A kwantiragin 2021 an rubuta cewa ba za a sayar da shi ba sai da yardarsa, kuma ba za a ɗaure shi da dokar nan da ke ba ƙungiya damar riƙe ɗan wasa shekara guda ko yana so ko ba ya so ba. Da an bari kakar 2024 ta ƙare, da ya fita kasuwa a sake, Dallas ba ta samu komai na a-zo-a-gani ba. Wanda ya bar sayen ragon layya sai jajibirin Sallah, ba shi da bakin kukan tsada.

Kuma ba sau ɗaya mai ƙungiyar, Jerry Jones, ya yi wannan jinkiri ba. An ɗauko Prescott daga jami'ar Mississippi State a 2016 a zagaye na huɗu, mutum na 135, bisa albashin da bai kai dala miliyan uku ba a shekara huɗu gaba ɗaya. Kwatabak ɗin ƙungiyar, Tony Romo, ya ji rauni, yaron ya shiga, ƙungiyar ta ci wasa 13 cikin 16. A 2019 sa'o'insa Jared Goff da Carson Wentz sun sabunta nasu a kan miliyan 30 da 'yan kai. Dallas ta tsaya jan ciniki, ta riƙe shi da kwantiragin shekara guda na sama da miliyan 31 a 2020, ya karye a idon sawu a Oktoban shekarar, amma duk da haka ta dawo ta biya miliyan 40. Idan akwai wanda ya cancanci fushin magoya baya a kan farashin, to mai sayen ne.

Masu suka suna da magana mai nauyi, bai kamata a share ta ba. Na farko, sakamako. A wasannin sili-ɗaya-ƙwale Prescott ya ci biyu ya faɗi biyar, kuma rabon Dallas da kofi tun Janairun 1996. Wanda ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne na Janairun 2024, a gida, da Green Bay Packers. Ya shigo wasan bayan kakar da ya fi kowa jefa ƙwallon da aka ci maki da ita, har 36, ya kuma zo na biyu a zaɓen gwarzon shekara bayan Lamar Jackson. Kafin a tafi hutun rabin lokaci an tare masa jifa biyu, ɗaya an ruga da ita har gida, allo ya nuna 27 da nema. An tashi 48 da 32. Laifinsa a fili yake, amma maki 48 ba kwatabak ke tsaron su ba, kuma farin kofin ya girmi zuwansa da shekara 20. Wasa bakwai ma'auni ne ƙarami idan aka ajiye shi kusa da wasanni fiye da ɗari da ya buga.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi. Tunda iyaka ɗaya ce ga 'yan wasa 53, duk dalar da aka ba kwatabak an hana wani ne. Masu wannan ra'ayi kan nuna Brock Purdy, wanda aka ɗauka na ƙarshe a 2022, ya kai San Francisco wasan ƙarshe a Fabrairun 2024 da albashin da bai kai dala miliyan ɗaya ba, ragowar kuɗin aka tara masa taurari. Suna kuma nuna waɗanda suka ƙone: New York Giants ta ba Daniel Jones miliyan 160 a 2023 ta sallame shi a 2024, Denver kuma ta raba gari da Russell Wilson tana ɗauke da nauyin miliyan 85 a lissafinta. Duk gaskiya ne. Sai dai Purdy dace ne, ba tsari ba ne da za a ce kowa ya bi, kuma da nasa layin ya zo a 2025 San Francisco miliyan 265 ta ba shi a shekara biyar. Philadelphia ta ci kofi a Fabrairun 2025 da Jalen Hurts mai miliyan 51 a shekara. Darasin Jones da Wilson shi ne haɗarin biyan matsakaici kuɗin gwani, kuma a nan ne ya kamata gardamar Prescott ta tsaya: gwani ne ko matsakaici? Alƙaluman kakarsa ta 2023 sun sa shi a sahun gwanaye, ko da bai kai Mahomes ba.

Wanda ya ce a sake shi, sai ya faɗi wa za a sa. Dallas ta taɓa ɗanɗana wannan. Tsakanin ritayar kwatabak ɗinta Troy Aikman a 2001 da fitowar Romo a 2006 ta gwada Quincy Carter da Chad Hutchinson da Ryan Leaf da Vinny Testaverde da Drew Bledsoe, ba ta ci ko wasan sili-ɗaya-ƙwale guda ba. A 2024 ma, da Prescott ya ji rauni a cinya bayan wasa takwas, an rufe kakar da nasara bakwai da faɗuwa goma, ko da yake tun yana nan ƙungiyar ke tangal-tangal. Inda tsarin ya fi ciwo shi ne a kan sauran 'yan wasa. A Agustan 2025, bayan wani dogon jan cinikin, Jerry Jones ya miƙa Micah Parsons, fitaccen mai tsaron bayansa, ga Green Bay, can aka ba shi dala miliyan 47 a shekara.