Jifan "Daga Kai Sai Kwando": Amfanin Gasa A Wajen Atisaye

A wasan ƙwallon kwando babu jifan da ya fi na "daga kai sai kwando" sauƙi a ido. Idan aka yi wa ɗan wasa ƙeta yana cikin jifa, alƙalin wasa kan tsai da shi a kan layi, ƙafa 15 daga allon da kwando yake maƙale, a miƙa masa ƙwallo, ba mai tare shi. Bisa dokar wasan ta duniya, daƙiƙa 5 yake da ita, kuma kowane jifa ya shiga maki ɗaya ne. To, amma da wannan maki ɗaya-ɗayan ake cin manyan kofuna, da shi kuma ake rasa su.

Ga misali daga wani ɗan ƙasarmu. A 1978, zamanin da Anka da Gummi da Bukkuyum suke cikin Jihar Sakkwato, an yi wani bikin wasanni a birnin Sakkwato, inda wani ɗalibi daga Legas mai suna Hakeem Olajuwon ya fara shiga gasar ƙwallon kwando. Daga baya ya tafi Jami'ar Houston ta Amurka. A 1983 jami'ar tasa ta kai wasan ƙarshe na jami'o'in ƙasar, kowa yana ganin kofi nata ne. Sai abokan karawarsu na Jami'ar Jihar North Carolina suka lura hannun 'yan Houston ba ya tsayawa a kan layi, suka shiga yi musu ƙeta da gangan. 'Yan Houston sun sami jifa 19, guda 10 kaɗai suka ci, aka doke su 54 da 52. Shi kansa Olajuwon, a shekararsa ta farko a gasar ƙwararru ta NBA, kashi 61 cikin 100 yake ci, sai da naci ya haura kashi 75.

Me ya sa abu mai sauƙi yake gagara? Dalili shi ne, a wajen atisaye yaro yakan yi jifa hankali kwance. Ranar gasa kuwa ya gaji, numfashi sama-sama, 'yan kallo suna ihu, ga idon makaranta duk a kansa. Saboda haka masu horar da 'yan wasa sukan mai da atisayen ya zama gasa, don hannu ya saba da fargaba tun a gida. Ga hanyoyi uku.

Ta farko ita ce tseren maki 21. A raba 'yan wasa gida biyu, kowa ya yi jifa biyu ya koma bayan layi. Ƙwallon da ta shiga ba ta taɓa ƙarfe ba maki biyu ce, wadda ta taɓa ta shiga maki ɗaya, wadda ta kuskure a rage ɗaya. Ɓangaren da ya riga kai 21 ya ci.

Ta biyu ita ce sarƙa. Ƙungiya duka za ta ci jifa 10 a jere, kowa guda ɗaya. Da zarar wani ya ɓarar, lissafi ya koma farko. A nan ne mai jifa na tara da na goma suke ɗanɗana nauyin da ke kan mutum a ƙarshen wasa.

Ta uku ita ce biyun ƙarshe. Bayan an yi gudu an gaji, sai malami ya ce ana binsu maki ɗaya kuma lokaci ya ƙare, ya zaɓi yaro ɗaya ya ba shi jifa biyu, saura suna tafi da ihu. In ya ci duka an tashi, in ya ci ɗaya a sake, in ya rasa duka kowa ya zagaya fili sau ɗaya.

Sai dai akwai hattara. Kada horon ya yi tsanani, kada kuma a bari a yi wa yaro dariya, domin wanda aka kunyata tsoron layi zai ƙara yi. A riƙa rubuta sakamakon kowa a littafi mako-mako, a kuma nace wa kowane yaro ya riƙe tsayuwa ɗaya da riƙon ƙwallo iri ɗaya. Kada a bar 'yan mata a baya, gama ƙungiyar mata ta Nijeriya, D'Tigress, ta ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025.

Abin farin ciki shi ne duk wannan ba ya neman kuɗi. Ƙwallo ɗaya, kwando ɗaya da layin da aka zana da toka sun isa, ko a Gusau ne ko a ƙauye irin Tungar Guru. Saura ya rage ga malaman wasanni su ware minti 10 na ƙarshen kowane atisaye don wannan jifa, domin da sanyin safiya ake kama fara.