Dokin Ƙarfe Ya Dawo Hanya

A zamanin iyayenmu, magidancin da ya sayi keke Raleigh a Birnin Kudu ko Gwaram, har maƙwabta sukan zo yi masa barka. Da shi malamin makaranta ke zuwa aiki, da shi manomi ke kai gero kasuwar Sara. Da babur ya yawaita, sai aka jingine keke a zaure, yara suna wasa da ƙararrawarsa.

A shekarar 2023 gwamnati ta janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na acaɓa suka hau. Mutane da dama suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu, masu faci suka sami ciniki. Tilas ce ta kawo haka, amma akwai riba a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Wanda ke tuƙa keke rabin awa kullum zuwa gona ya wuce wannan. Hakan yana rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari, cututtukan da maganinsu ke cinye kuɗin gida wata bayan wata.

Tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni ta zama ranar keke. Matasan unguwarku za su iya fita tare a ranar, su tara taimako domin marasa lafiya da ke kwance a asibiti.

Sai dai hanyar Kano zuwa Birnin Kudu cike take da manyan motoci. Ya mai karatu, kada ka bar ɗanka ya hau ta da magariba ba fitila, kuma ka gwada birkinsa da hannunka kafin ya fita.